Ranar da Minsharin Baba Ya Ɗauke

Akwai wata ranar bazara, tsakanin azahar da la'asar, da na san ba za ta taɓa fita daga raina ba ko da zan tsufa har in riƙa manta sunayen jikokina. Wanda ya wuce ta ƙofar gidanmu a wannan rana ba abin da zai gani sai ƙyaure a rufe da akuya kwance a inuwar katanga. Shiru ne kawai ya sauka a gidan. Shekaru sun shuɗe yanzu, amma har yau shirun nan yana cikin kunnena.

A Daura aka haife ni, kuma na buɗe ido na tarar da minsharin Babanmu a gidan kamar yadda na tarar da darbejiyar tsakar gida. Baba fataucin dabbobi yake yi. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake tuƙawa da kansa, ya je kasuwar Mashi ko ta Baure ya cika ta da tumaki da awaki ya kawo. Mutum ne mai jiki, mai gajeren wuya, mai yawan raha. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Idan ya kwanta, har zaure ake jin minsharinsa. Zai ja, ya ja, sai kuma ya ɗauke ɗif kamar an kife ƙwarya a bakin tulu. Can sai ya fizgo numfashi da wani irin gurnani, jikinsa duka ya girgiza, ya ci gaba. Muna yara wannan abin dariya ne a wurinmu, har kwaikwayonsa muke yi a bayan ɗaki. Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ce ba ta dariya. Daga baya take faɗa mini cewa ta yi shekaru tana barci da ƙafarta kusa da tasa, in shirun ya yi tsawo sai ta ɗan taɓa shi.

Shekarar da na gama karatu, ina zaune a gida ina jiran tafiya bautar ƙasa, abin ya wuce na dariya. Baba ya fara gyangyaɗi a ko'ina: yana cikin magana, yana sahu a masallaci, har da loma a hannunsa. Kullum da ciwon kai yake tashi. Wata rana yana dawowa daga Mashi da rana tsaka, barci ya sace shi a kan sitiyari, motar ta saki titi ta faɗa gonar wani bawan Allah. Yashi ne ya riƙe tayoyin. Tunkiya ɗaya ta karye, shi kuma ya fashe a goshi. Mutanen da suka kawo shi gida suka ce da motar ta ƙara gaba kaɗan, da wata ƙatuwar kuka ce za ta tare ta.

Wannan ne ya kai mu wani babban asibiti a Kano. Suka kwantar da shi ya kwana da wayoyi a ka da ƙirji, da safe likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce idan Baba ya yi barci, naman maƙogwaronsa saki yake yi ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya, sai jikinsa ya tashe shi a firgice ba tare da ya sani ba, kuma haka abin yake ta maimaituwa har gari ya waye. Ya ce mutumin nan ya yi shekaru bai samu barcin kirki ba, hawan jininsa ma daga nan yake. Idan aka bar shi haka, in titi bai ci shi ba, to ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki na jiransa. Aka haɗo mu da wata na'ura mai kamar ƙaramin rediyo, da dogon tiyo, da takunkumin roba mai rufe hanci da baki wanda ake ɗaurewa ta bayan kai. Aikinta ta riƙa hura iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe, in ta ji ta fara toshewa ta ƙara ƙarfi da kanta.

Da muka dawo gida Baba ya ɗaga takunkumin yana juya shi a hannu, ya ce, "Tun ina saurayi nake ɗaura wa dabba takunkumi. Yau ga shi Allah ya rama musu."

Muka yi dariya har da Inna. Aka ƙara wa solar gidan batir don kada wuta ta yanke masa. Mun ɗauka an gama.

Abin da ba mu yi tunaninsa ba shi ne yadda Baba yake kwanciya. Tun yana yaro a Dutsi malaminsa na allo ya koya masa ya yi alwala, ya kwanta a ɓarinsa na dama, ya sa tafin hannun dama a ƙarƙashin kunci, ya karanta addu'ar barci. Ko a kasuwar dabbobi ya kishingiɗa a kan buhu, haka yake yi. In barci ya yi nisa jikinsa kan mirgina ya koma rigingine, amma farawa dai da dama yake farawa, kuma ibada ya ɗauke ta. Sannan akwai matashin kansa. Kakata ta wajen uwa ce ta ɗinka shi ta cika shi da audugar rimi, yana cikin kayan ɗakin da Inna ta zo da su. Shekaru sun danne shi ya yi tauri, furannin da aka yi masa da zare duk sun koɗe, amma Baba ba ya iya barci a kan wani. Har Kano da shi muka je.

Da ya fara kwana da na'urar, sai ya zama da zarar ya juya dama, hannunsa da matashin su ture takunkumin gefe. Iska ta riƙa tsirtowa ta gefen hanci da ƙara kamar tayar keke ta huje, tana busa masa ido. Ya tashi idanunsa jajur, minsharin kuma bai daina ba.

Inna ta zauna ta yi nazari. A jikin kwalin na'urar akwai hoton wani Bature kwance rigingine, sanye da takunkumi, yana barcinsa cikin jin daɗi. Ta kuma tuna cewa a asibiti ma a rigingine Baba yake lokacin da aka gwada masa. Sai ta yanke cewa haka dokar abin take. Ta tattaro matasan gidan ta tokare shi da su dama da hagu don kada ya juya, ta ja igiyoyin takunkumin ta ɗaure tamau don kada iska ta samu wurin fita. Duk gidan muka ga hikimar hakan.

Abin sai ya ƙara lalacewa. A rigingine na'urar ta riƙa tura masa iska da ƙarfi kamar guguwa, ya farka yana kokawa da takunkumin, cikinsa a kumbure kamar ganga, bakinsa a bushe. Doron hancinsa ya ƙuje har ya fara ruwa. Duk da ɗaurin, iskar ba ta fasa tsirtowa ba, Inna kuma duk lokacin da ta ji ƙarar sai ta ƙara jan igiya. Mutumin da ba ya zama wuri sai ya ba kowa dariya ya koma ba ya cewa komai. Na ce a kira asibiti, ya hana. Ya ce cewa za su yi a mayar da shi Kano su sake lulluɓe shi da wayoyi, shi kuwa ya gaji.

Wata safiya, bayan ya dawo masallaci, ya naɗe tiyon da kansa, ya mayar da komai cikin kwali, ya ɗora a saman sif. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Hajiya, ba zan ƙara kwanciya kamar gawar da ake jira a yi wa wanka ba. In mutuwar ce, gara ta same ni a kan damana, da addu'ata a bakina."

Inna ta miƙe. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauke makullin motar daga inda yake rataye, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Tun da nake ban taɓa ganin ta tsallake maganarsa ba sai ranar. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar an ja igiya a tsakiyarsa, kowa na kaffa-kaffa kada ya taɓa ta. Kullum da safe zai ce, "Hajiya, makullina," ita kuma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Yana cin abincinta, amma ba ya duban fuskarta. Gyangyaɗin ya dawo fiye da da. Sau ɗaya na ga kofin shayi ya sulale daga hannunsa yana zaune, ya zube a kan rigarsa, sai zafin ne ya farkar da shi.

Ana gobe kasuwar Mashi ya sanar da mu cewa ya yi wa mutane alkawarin dabbobi, kuma ya yi magana da bakanike, da yamma zai zo ya yanka masa wani makullin. Wato gobe mutumin da kofi ke faɗuwa daga hannunsa zai hau titin da ya kusa kashe shi.

Ni mutum ce mai yawan zama shiru ina kallon abubuwa, har Inna kan ce rabin raina ba a duniya yake ba. A waɗannan kwanaki ba abin da nake kallo sai Baba. A wannan ranar, da hantsi, na tarar da shi a zaure barci ya kwashe shi a kan tabarma, na tsaya a bakin ƙofa. Yana kan damansa, minsharin na fita a hankali, kusan a jere. Can ya mirgina rigingine, nan take sautin ya canza, ya yi kauri, ya shaƙe, ya ɗauke. Da ya fizgo numfashi ya sake juyawa gefe, sai ya lafa. Na tsaya har na ga hakan ya sake faruwa. Sai na gane cewa in abin da na gani gaskiya ne, to mun yi makonni muna tokare shi a kwanciyar da ta fi shaƙe shi.

Na zagaya bayan madafi na kira lambar da aka ba mu a asibitin, duk da hanin Baba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauka, mai sanyin murya. Na zayyana mata komai. Da na zo kan hoton kwali sai na ji ta yi ɗan murmushi mai sauti, ta ce ba mu ne na farko ba. Ta ce idan mutum ya kwanta rigingine, harshensa da naman maƙogwaro baya suke faɗawa su danne hanya, shi ya sa na'urar take ƙara ƙarfi har iskar ta riƙa shiga masa ciki. A gefe kuwa hanyar ta fi zama a buɗe, iska kaɗan ma ta ishe shi. Kwanciyar Baba ta dama, in ji ta, ita ce ma aka fi so. Matsalar kawai hannu da matashi suna ture robar, iskar da ya kamata ta isa maƙogwaro sai ta zurare waje. Ɗaurin da muke yi kuma murɗe robar yake yi ya buɗe mata wasu kafofin. Ta ce a sassauta igiya har yatsa ya iya shiga, a rataye tiyon ta saman kansa don kada ya riƙa jan takunkumin, a tokare masa baya, sannan a samar wa takunkumin gurbi a bakin matashi yadda zai zauna ba abin da ke taɓa shi. Ta ce a gwada, in bai yi ba lallai a kawo shi.

Na sami Inna a madafi na faɗa mata. Ta ajiye muciya ta daɗe tana kallon wuta. Tambayarta ɗaya ce: wane matashi? Ta san amsar. Baba ba zai ɗora kansa a kan wani ba.

Ta ɗauko shi ta zauna a kan tabarma, ta ɗora shi a cinya tana shafa furannin da suka koɗe. Ta ce uwarta ta ɗinka shi ne idonta ya riga ya fara rauni, shi ya sa ɗinkin gefen ya karkace, kuma shi kaɗai ya rage mata daga hannunta. Na ce bari ni in yanka. Ta ce a'a. Ta karɓi rezar ta yi bisimilla ta farke gefen da kanta. Audugar rimi ta yi ta tashi a tsakar gida, tana manne mana a mayafi da gira. Ta cire wadda za ta cire, ta yanke ƙyallen ta yi masa lauje kamar jinjirin wata, ta ɗinke. Ba ta ɗago kai ba har ta gama.

Saura Baba. Bayan ya dawo sallar azahar na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, yau uwarka ce take magana, ba 'yarka ba."

Ya dube ni da jajayen idanunsa, bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi. Ya ce to, uwa ta faɗi umarninta. Na faɗa masa na kira asibiti, na jira faɗa, bai yi ba. Na ce an ce kwanciyarsa ta dama ita ce daidai, mu ne muka karkatar da shi. Na roƙe shi ya gwada sau ɗaya, yanzu, a barcin rana. Sai ya tambaye ni ina zai kai hannunsa. Na ce ya sa shi a kunci ya yi addu'arsa kamar kullum, in ya gama ya ɗan matsar da shi sama wajen kunne, inda ba roba. Ya gwada a iska, ya ga dai har yanzu fuskarsa na kan tafinsa.

Ya ce, "Sau ɗaya, Uwata. In ta tashe ni, ko ku kuka tashe ni da leƙe-leƙenku, magana ta ƙare. Bakanike yana zuwa, kada kuma a sake ce mini komai."

Muka sauko da kwalin. Na buga ƙusa a bango saman gado na rataye tiyon. Inna ta sa masa takunkumin, kuma na ga yatsunta suna son jan igiyar kamar yadda suka saba, sai ta danne su ta sassauta. Ya kwanta a damansa cikin farar jallabiyarsa, takunkumin ya faɗa daidai cikin gurbin. Matasan da ta riƙa tsare shi da su a rigingine, yau ta jera su a bayansa. Muka saki labule muka fito.

Inna ta kife turmi a bakin ƙofar ta zauna da carbinta, ni na tsuguna kusa da ita. Zafi ake yi irin wanda ko kaji sun buɗe baki sun lafe a gindin randa. Da farko muka ji ɗan tsirtowar iska. Inna ta yunƙura za ta tashi, na riƙe mata hannu. Gado ya yi ƙara, ya gyara kai, ƙarar ta tsaya. Sai wani ɗan guntun minshari, siriri, kamar zai fara. Daga nan sai shiru.

Muka jira gurnanin. Duk rayuwarmu mun san cewa bayan shirun Baba gurnani ne ke zuwa, kuma tsawon shirun shi ne tsawon lokacin da ba ya numfashi. Likita ya faɗa mana cewa in na'urar ta yi aiki minshari zai daina, na san da wannan sarai, amma kunnena bai yarda ba. Kunnena jira yake yi. Wata kurciya ta yi kuka a kan darbejiya ta gaji ta bari. Injin niƙan maƙwabta da ke ta ƙugi ya mutu. Carbin Inna da nake jin ƙarar 'ya'yansa ya fara sauri, ya fara sauri, sai ya tsaya. Inuwar katanga ta taso daga gindinta ta rarrafo har ta taɓa ƙafafunmu, ɗakin nan ko tari ba a yi ba.

Aka kira la'asar. Baba mutum ne da ko yaya yake, kafin ladan ya kai ƙarshe ya riga ya nemi buta. Ladan ya gama. Muka ji an tayar da salla, muka ji an sallame. Ba motsi.

Inna ta ɗaga gefen labule da yatsa ɗaya ta leƙa. Na ga fuskarta ta sauya. Na leƙa ta ƙarƙashin hannunta, na ga abin da ta gani: mutum cikin fararen kaya, kwance a damansa, fuskarsa na duban gabas, ba ya motsi.

Ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Haka ake kwantar da su."

Ta yunƙura za ta faɗa ɗakin ta girgiza shi. Na sha gabanta. Ban san inda na samu ƙarfin ba. In muka tashe shi alhali barci yake, ya riga ya faɗa, gobe yana kan titin Mashi. In kuma muka bar shi alhali numfashinsa ya tsaya, to muna tsaye a bakin ƙofa muna kallo zai tafi. Na raɗa mata ta ba ni ɗan lokaci kaɗan. Na cire takalmi na shiga.

Ɗakin da duhu-duhu, ƙamshin turarensa na tashi. Na matso a kan yatsun ƙafa. Na kai hannu kusa da takunkumin na ji iska na fita ta 'yan ƙananan hudojinsa, raina ya fara sanyi, sai na tuna cewa wannan iskar na'ura ce, ko yana numfashi ko ba ya yi haka za ta riƙa fita. Na dubi ƙirjinsa. Jallabiyar mai faɗi ce, idona cike da hawaye, jikina kuma rawa yake yi har ban iya bambance ni ce ke motsi ko shi. Taɓa shi kuwa ba dama. Na sunkuyar da kai ina neman abin yi, sai na ga wani ɗan curin audugar rimi manne a mayafina tun ta safe. Na ciro shi, na ɗora a kan haƙarƙarinsa a hankali kamar mai ajiye ƙwai, na ja baya na durƙusa yadda zan gan shi a jikin hasken taga.

Ya ɗaga. Ya sauka. Na riƙe numfashina. Ya sake ɗagawa, a hankali, ya sake sauka, ba gaggawa, ba tsayawa, kamar kwale-kwale a kan ruwa mai kwanciya. Ban taɓa ganin mahaifina yana numfashi haka ba. Irin numfashin jarirai ne. Goshinsa da kullum yake a tamke ya saki, har tabon haɗarin ya yi kamar ya shafe.

Na waiga na gyaɗa wa Inna kai. Ta sulale a jikin ƙofa ta zauna a ƙasa, ta cusa bakin mayafinta a baki don kada kukanta ya tashe shi.

Muka bar shi har rana ta fara yin ja. Da Inna ta ga lokacin salla zai ƙure, ta shiga ta ɗan taɓa ƙafarsa, irin taɓawar da ta yi shekaru tana yi. Ya buɗe ido. Ya cire takunkumin da kansa, ya zauna ya daɗe yana kallonmu kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Da ya ga yadda rana ta yi, ya fara faɗa, wai mata biyu a gida sun zuba ido jam'i ya wuce shi. Faɗan nan ya fi mini kowace waƙa daɗi, don rabon da in ji ƙarfi a muryarsa har na manta.

Bayan ya yi salla ya zauna a gindin darbejiya, ya kira ni. Ya ce, "Uwata, na ga uwata." Ya ce ya gan ta a gonarsu ta Dutsi, gero ya yi kai, tana ƙwala masa kira ya zo ya sha fura. Ya ce shi har ya manta cewa mutane suna mafarki. Yana faɗa yana share ido da hannun riga, yana cewa wai iskar na'ura ce ta shigar masa.

Inna ta zo ta kwance bakin zaninta ta ajiye makullin a kan tabarma gabansa. Ya dube shi, ya dube ta, wannan karon a fuska. Sai ya tura mata shi da yatsa. Ya ce ta riƙe, gobe direba zai nema, shi ya zauna a gefensa, ba zai koma sitiyari ba sai likita ya ce ya koma. Da bakanike ya yi sallama a zaure, aka ba shi haƙuri da ruwan sanyi ya tafi. Baba ya sa aka ɗauko masa matashin, ya juya shi yana duban gurbin, ya ce ko tunkiya ba a yi wa irin wannan yankan kunne. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Allah ya jiƙan mai ɗinkin. Allah ya saka wa mai yankan." Inna ta tashi da sauri ta ce tuwonta zai kama.

Mun koma asibiti daga baya aka ƙara daidaita masa na'urar, kuma har yau da ita yake kwana, a kan damansa, a kan matashin mai gurbi. Curin audugar nan yana wurina cikin wani ɗan gwangwanin turare.

Abin da ranar ta koya mini ya wuce maganar barci. Mun so Baba ƙwarai, kuma da wannan son muka tokare shi, muka ɗaure shi tamau, muna ta ƙoƙarin lanƙwasa shi ya yi daidai da hoton jikin kwali, alhali abin da ya saba da shi tun yana yaro shi ne ya fi dacewa da lafiyarsa. Abin da ake buƙata kawai a tambayi masu sani, a kalli mutumin da kyau, a sassauta, a yi wa maganin gurbi a cikin rayuwarsa. Tun daga lokacin, idan na ga wanda nake ƙauna yana ture taimakon da nake ba shi, kafin in ce taurin kai ne sai in duba ko ni ce na ja igiya da yawa. Kuma duk lokacin da na je gida na tarar da shiru a ɗakin Baba da rana, har yanzu nakan tsaya a bakin labule, in saurara, in yi hamdala, sannan in wuce a kan yatsun ƙafa.